Kafin Ka Sayi Tautau a Tarabulus

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga babban gidana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya shimfiɗa maka hanyar da za ka bi ranar Asabar, ya kau da idon mugu daga kanka tun daga shingen bincike na farko har ƙofar ɗakin da za ka sauka a Tarabulus.

Na san za ka yi mamaki. Mutum bango ɗaya ya raba ku, ya rubuto maka wasiƙa kamar wanda ke Agadas! Ka yi haƙuri, bakina da alƙalamina ba halinsu ɗaya ba. A warsha, shagon aikina, nake rubutun, da tsakar rana, lokacin da unguwarmu Gurda duk ta kwanta, ba mai zuwa a yanka masa gilashin taga.

Innarka ta kawo mini magana biyu. Ta farko kai ka aiko ta. Ka ce idan ka zauna da gindinka a wurin aikin alminiyon nan, kana so ka sayi tautau naka na kanka, irin babban nan mai gashi da masu sayarwa ke kira tarantula, kuma kana son in faɗa maka yadda ake zaɓe da yadda ake yi masa mazauni. Ta biyun ba ka aiko ta ba. Ta ce kuna haɗa kaya ka ce mata, "Inna, Baba ya fi sanin halin Gwaggo a kan nawa. Ita safe da yamma yana kiran sunanta. Ni tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba." Kada ka ga laifinta, ni na matsa mata da na ga idonta ya yi ja. Gwaggo dai tautau ce a cikin akwatin gilashi, kai ma ka raɗa mata sunan don ka ce ɗaure fuskarta irin ta gwaggona Habsu ce. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar na haɗiyi ƙwallon dabino. Ba na so ka hau mota da ita a ranka. Sai dai ka bar ni in fara da wadda bakina ya iya.

Ka san ba da sha'awa na fara ba. Ni da na tashi a Tasawa ana ce mana tautau in ya yi wa mutum fitsari fatarsa sai ta kwaile, ina ni ina kiwonsa? Miftahu mai sayar da magani ne ya jawo mini. Ya zo warsha yana son akwatin gilashi, na ce na kifi? Ya ce a'a, na gizo-gizo. Na ɗauka tsokana ce har sai da ya nuna mini hoto a talho, wayarsa ta hannu. Daga baya gari ya rikice, ya kwashe iyalinsa zai bar Sabha, ya tsaya a ƙofar warsha da wata 'yar roba mai huji a hannu. Ya ce, "Sale, amana. In na dawo na karɓa." Ban ko buɗe baki ba ya ja mota. Kana ɗan ƙarami lokacin, kana riƙe da zanen innarka.

To, ni mai gilashi ne, kuma a lokacin hannuna na kan ganiyarsa. Na ce amanar Miftahu ba za ta zauna a roba kamar tattasai ba. Na zaɓi gilashi mai kauri, na tayar da akwati dogo, tsayinsa ya kai ƙirjin yaro, na goge gefuna, na liƙe ko'ina ruf. Na zuba rairayi mai kyau ɗan kaɗan a ƙasa, na jera duwatsu masu tsini don ado. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo suna cewa, "Kai, Malam Sale, wannan ai bene ne!" Ni kuwa kaina sai ƙara girma yake. Ban lura ba abin halittar nan ya ƙi taka rairayin. Kullum yana manne da gilashi yana hawa, yana neman hanyar fita. Wata safiya na tarar da shi a kan dutse, cikinsa ya fashe, wani ruwa-ruwa na fita. Daga can sama ya zamo ya faɗo. Kafin azahar ya naɗe ƙafafu. Wallahi ranar ko shahi ban iya sha ba. Da na samu Miftahu a talho na faɗa masa, sai ya ce, "Allah galib, Sale. Don kanka ka gina, ba don shi ba." Bai ƙara ko kalma ba, kuma gaskiyarsa.

Saboda haka, kai ma da za ka shiga sana'ar yanka da haɗawa, kuma na san hannunka zai yi maka ƙaiƙayi, ka ji wannan. Tautau na ƙasa ba ya son bene. Cikinsa laushi gare shi, faɗuwa kaɗan ta ishe shi. Ka yi akwati mai faɗi, gajere. Ka duba tautau in ya buɗe ƙafafunsa, faɗin akwatin ya yi kamar uku na hakan, ya wadatar. Ka cika fiye da rabinsa da ƙasa, ta yadda ko ya hau har murfi ya faɗo, ba zai ji komai ba. Kada ka zuba rairayin Sahara don yana kyauta. Ka nemi garin ɓawon kwakwa da masu shuka ke sayarwa, ko ƙasar shuka wadda ba a sa wa taki ko magani ba, ka danna ta da hannu ta zauna. Ka huda ƙananan huji a gefe biyu iska ta riƙa ratsawa, kada ka sa ragar waya a sama don farcensa na maƙalewa. Murfi kuwa ya zama mai sakata, don ƙarfinsa ya fi yadda kake zato. In ka liƙe gilashin, ka bar akwatin a waje har warin abin liƙin ya fita ƙaf. Sai ka kifa masa rabin kasko ya samu wurin ɓuya, ka ajiye ruwa a murfin kwalba mai faɗi. Shi ke nan fa. Duk abin da ka ƙara bayan wannan, don idon baƙi ka ƙara.

Na ga ka leƙo warsha ɗazu ka ajiye mini abincin rana. Na ce, "Kai, ajiye can." Ka ajiye ka fita. Na rufe takardar nan da gwiwar hannu kamar ɓarawo. Dubi fa, shekaruna sun haura hamsin.

Bari in koma kan zaɓe, don a nan na yi wautar da innarka har gobe take yi mini gori. Bayan tautau na Miftahu ya mutu, akwati ya zauna fanko yana hararata. Da na je Tarabulus sayen gilashi, na biya kasuwar tsuntsaye, wai in sayi wani in ajiye masa ko zai dawo. Mai butikin ya jera mini robobi. Ya nuna wata baƙa-baƙa mai gashi a murɗe, tana zaune kamar an dasa ta, ya ce, "Ɗauki wannan, ya hajj, ita ce ta mai koyo." Na ce wannan mummunar? Idona na kan wani ja jawur kamar manja, siriri, mai dogayen ƙafafu. Ya ce, "Wannan ɗan Afirka ne, ba ya wasa." Na ce ni ma ɗan Afirka ne, ma daidaita. Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo mini.

Kyan ɗan maciji ke nan. Ranar da na buɗe robar zan juye shi, ban ga fitarsa ba, sai ganinsa na yi a bango, kusa da agogo, ya ɗaga ƙafafun gaba yana nuna mini fiƙa. Innarka ta saki kwanon da ke hannunta, ta suri ƙanwarka Ramatu, ta ja ka, sai gidan Lantana mai waina. Daga can ta aiko a ce mini, "Ko ni ko shi!" Na wuni ina fama da kofi da kwali, gumi har cikin ido, kafin na kife shi. Ta dawo bayan kwana biyu da sharaɗin akwatin ya koma warsha. Kuma duk wahalar nan, ashe namiji ne da ya gama girma. Bai ci abin kirki ba, kullum zagaye yake yana neman mace, ko shekara bai rufa ba ya mutu.

To ka ga. Idan ka shiga butiki, ka bar idonka a ƙofa, ka shiga da kunnenka. Ka ce a nuna maka masu sanyin hali, irin waɗanda asalinsu daga ƙasashen Amurka ne: mai murɗaɗɗen gashi, ko mai jan gwiwa, ko mai ruwan ƙasa da ɗan ja-ja a baya. Na Afirka da na Asiya ka bar wa waɗanda suka daɗe a harkar, gudu gare su kuma cizonsu ba daɗi. Ka nemi mace, don ita ke daɗewa, tana iya raka ka har ka yi furfura a gemu. Namiji in ya balaga kwanansa ya kusa. Za ka gane shi da siririn jiki da dogayen ƙafafu, ga 'yan hannuwan nan biyu na kusa da baki sun dunƙule kamar ɗan dambe. Kada ka sayi ɗan jariri mai kamar ƙwayar gero don ya fi araha, zai ɓace maka a ƙasa ka rasa ko yana da rai. Matsakaiciya ka nema. Ka duba cikinta a cike yake, ba a yamutse ba, tana tsaye a kan ƙafafunta ba ta naɗe su ƙarƙashi ba. Ka tambayi mai butiki yaushe ta ci, yaushe ta yi saɓa, a hannu aka haife ta ko kamo ta aka yi daga daji. In ya kama inda-inda, ka yi masa sallama. Kuma kada ka biya kuɗin abin da aka nuna maka a talho kawai, cinikin biri a sama ne.

Ɗaya za ka saya, ka ji? Ɗaya tak. Kada tausayi ya kama ka ka ce tana kaɗaici, bari in kawo mata 'yar'uwa. Da safe ɗaya za ka tarar, ta ƙoshi.

A zuwana na gaba na koma wurin mutumin nan da kunyata, na ce ina mummunar? Ya yi dariya har da buga kanta. Ita ce Gwaggo. Innarka ta zo warsha ta tsaya daga nesa ta dube ta, ta ce, "Wannan ko motsi ba ta yi, a kawo ta gida, ta fi wasu mutanen natsuwa." Da ni take.

A kan Gwaggo na yi kuskuren da ya fi ci mini rai, kuma kana wurin, ko da yake ban sani ba ko ka riƙe shi yadda na riƙe. Mu a gidanmu an hore mu baƙonka annabinka. Mahaifina ko bara aka yi a ƙofa ba ya kai loma baki sai an sallami mai bara. To sai ga Gwaggo ta daina ci. Mako ya wuce, wani ya bi. Na sa mata gyare, ta juya masa baya. Ni kuma in zauna gaban tuwo, ga wata halitta a ƙarƙashin rufina da yunwa? Abincin ba ya wuce mini. Na ce wataƙila gyaren ne bai yi mata ba, na ƙara wani. Na ce wataƙila kunya take ji, bari in bar mata su ta ci in ba kowa. Na tara mata gyare har suna kuka a akwatin kamar bayan gari da damina. Kai kana zaune a ƙasa, ka tallabe haɓa, ba ka fi shekara goma ba. Ka ce, "Baba, ba yunwa take ji ba. Dubi cikinta ya yi baƙi yana ƙyalli, kuma ta toshe ƙofar kaskonta da yana. So take a ƙyale ta." Ban dube ka ba. Na ce wa innarka, "Faɗa wa yaron nan ya tashi ya ba mutane wuri."

Washegari na dawo daga masallaci na tarar da ita a rigingine, ƙafafu sama, a kan wata shimfiɗar yana da ta saƙa. Na ce inna lillahi, ta mutu, na kashe ta uku ke nan. Har na ɗauko cokali zan juya ta, don ban iya kallon mataccen abu a wulaƙance. Ka riƙe mini hannun riga. Kai da ba ka taɓa taɓa ni ba sai in gaisuwa! Ka ce, "Baba, tana motsi." Na duba, bayanta ya tsage, wata sabuwar Gwaggo na zaro kanta daga tsohuwar, fara-fara, laushi kamar kindirmo. Ga gyare biyu sun hau kanta suna gutsurar ƙafa. Na tsaya ban iya komai ba. Kai ka ɗauko hantsakin innarka ka tsince su ɗaya bayan ɗaya, numfashinka a riƙe. Ta rasa ƙafa guda. Sai a saɓa ta gaba ƙafar ta fito, 'yar siririya, daga baya ta cika.

Don haka in taka ta ƙi ci, kada ka ɗauka fushi take da kai. Suna iya yin wata da watanni ba ci, in dai ciki a cike yake kuma ga ruwa. Ka sa gyare ɗaya, in ya kwana ba ta taɓa ba ka cire shi. In ka gan ta a rigingine, ka ɗaure hannunka a baya, saɓa take. Wadda ta mutu a kife take mutuwa, ƙafafu a naɗe ƙarƙashinta. Bayan saɓa ka ba ta mako ko fiye, sai fiƙarta ta koma baƙa, sannan abinci. Ina faɗa maka abin da kai ka koya mini, na sani. Amma ban taɓa ce maka ka yi daidai ba ran nan. Da yamma na sayo tsire na ba innarka na ce ta raba wa yara, na ce ta ƙara wa babban. Ni a wurina na yi magana ke nan. Kai kuwa tsire kawai ka gani.

Sauran ƙananan abubuwa, kafin in manta. Kada ka kamo mata fara ko kyankyaso daga waje. Na taɓa roƙon Ila direba ya kawo mini fara daga gonakin Ghuddwa, Allah ya taimake ni ya ce, "Malam Sale, jiya fa aka yi feshi." Abin da ya ci magani, ita ma ya ba ta. Ka saya wurin masu kiwo, ko ka kiwata da kanka a bokiti. Ɗakin da take, ba maganin sauro, ba na feshi ba na ƙonawa, kuma turaren wuta ma ka yi nesa da ita. In za ka zauna da abokan ɗaki ka gaya musu tun ranar farko, kada wani ya yi maka gwaninta. Ka tambayi mai gidan ma kafin ka shigo da ita, kai baƙo ne a garin mutane, kada a kore ka a kan gizo-gizo. Kada ka ajiye ta a taga, gilashi da rana tanda ne, ni na sani. Kada kuma ka sa ta saitin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke a lokacin zafi, ka sauke akwatin ƙasa, lungun da ya fi sanyi, ka cika mata ruwa. Tarabulus da laima, ba kamar nan ba, saboda haka kada ka riƙa jiƙa ƙasar, gefe ɗaya ya isa. Inda kai ka ji daɗin zama da riga ɗaya, ita ma lafiya lau take.

Sannan kada ka ɗauke ta a hannu. Na san samari, za su taru su ce ɗora ta a kafaɗa mu ɗauki hoto. Ka ce a'a ko za su kira ka matsoraci. In ta tsorata za ta karkaɗo gashin cikinta, ya shiga fata ya yi ta ƙaiƙayi, in ya shiga ido kuwa sai likita. In ta zabura ta faɗi, ka san sauran. Ba ta san ka ba, ba za ta taɓa sanin ka ba. Gwaggo shekara nawa ina kiranta, ko sau ɗaya ba ta juyo ba. Kulawar da take so ita ce a gyara mata wuri, a ajiye ruwa, a ja da baya, a yi shiru.

To, nan ne na ɓata. Wannan dokar ta tautau ce, ni kuma na iya ta sosai don tun kafin in san tautau haka aka koya mini in yi da ɗan fari.

Ni ma ɗan fari ne. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wannan", ko "yaron nan". Bai taɓa ɗaukata ba, bai ci abinci kwano ɗaya da ni ba, in na shigo zaure sai ya kau da kai. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a Tasawa ba wanda ya ɗauke ta ƙiyayya. Kowa ya san fassararta. In ya kau da kai, kakata na nan ta ja ni jikinta ta ce, "Rabu da shi, kai ne idonsa." Ƙannensa na nan, su ke ɗaukata a wuya su kai ni kasuwa. Gari guda ke faɗa maka abin da ubanka ba zai faɗa ba. Ranar da zan taho Libiya bai zo tasha ba, ya aiko ƙanena da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Bayan ya rasu, ina nan ban samu jana'iza ba, Gwaggo Habsu ta gaya mini duk ranar kasuwa sai ya je inda motocin arewa ke tsayawa, ya yi ta tambayar direbobi, "Kun ga wani yaro mai gilashi a can?" Ko a wurinsu bai iya faɗin sunan ba.

Na ɗauko wannan al'ada cikin kayana na kawo ta Sabha, ban tsaya na duba ba ko za ta rayu a nan. Na manta ban ɗauko kakarka ba, ban ɗauko ƙannena ba. Ka tashi a Gurda kana ganin Larabawa na sumbatar 'ya'yansu a ka, suna kiransu da ƙarfi daga wannan bakin titi zuwa wancan. Ka dawo gida ka tarar ina wasa da Ramatu, ina goya ta, ina "Ramatu, Ramatu" kamar waƙa. Kai kuwa "kai, ajiye can." Innarka ita ma 'yar kunyar ce, sai dai ta fi ni wayo, ta laƙaba maka Babangida ta huta. Ba wanda ya ja ka gefe ya ce maka rabu da shi, kai ne idonsa. An ce shiru ma magana ce, amma sai ga wanda aka koya wa yaren. Ban koya maka ba, kuma na zauna ina jiran ka gane.

Ba zan zagi al'adar iyayena ba, da ita aka rene ni kuma ban lalace ba. Amma kai kana da haƙƙi a kaina. Bari in faɗa maka abin da ban faɗa ba. Ranar da aka haife ka, da mutane suka watse, na shiga na ɗauke ka, innarka na barci. Na daɗe ina kallonka har hannuna ya yi tsami, da na ji motsi na ajiye ka na fita da sauri. Lokacin da ƙyanda ta kama ka, ni ne a bayan taga, ba mai gyaran waya ba kamar yadda aka ce maka. Tagar farko da ka haɗa da hannunka, wadda ta ɗan karkace, na ce wa mai ita ta lalace zan yi masa wata. Ba ta lalace ba, so nake in riƙe. Kuma duk yammacin da ka gan ni na durƙusa gaban akwati ina "Gwaggo, yau me aka samu?", ai don kana zaune a wurin ne. Nan kaɗai ne a gidan nan zan iya zama kafaɗa da kafaɗa da kai ba wanda ya ce Sale ba shi da kunya. Da ita nake magana, amma kai nake jin numfashinka. Ina son ka, ɗana. Na fi son ka a kan duk abin da na mallaka, kuma tafiyar nan taka tana ci mini rai tun ranar da aka sa ta.

In Allah ya ba ka naka ɗan, ka yi yadda ka ga ya dace, ba zan sa maka doka ba. Abu ɗaya kawai, kada ka bar shi yana cinta. Kai ma a can kada ka shige ɗaki ka rufe kai da tautau kamar ubanka. Ka fita ka sha shahi da mutane, ka gai da maƙwabta, ka nemi 'yan garinmu ranar Juma'a. Ka kira innarka, kuma in ta miƙo mini talho kada ka kashe, zan karɓa.

Ranar Asabar zan zo tasha. Na gaya wa innarka, ta dube ni kamar na ce zan yi rawa a kasuwa. Jiya na gwada a warsha, na kunna injin goge gilashi don kada maƙwabta su ji, na buɗe baki na faɗa. Ya fita, amma da ƙyar, muryar kamar ba tawa ba. Ban sani ba ko zai fita a gaban direbobi da masu shahi, harshen da ya shekara ashirin a ɗaure ba na yi masa alkawari. Shi ya sa na ce innarka ta ba ka takardar nan tun daren Juma'a, kada ta jira ka hau mota. In ka ga bakina na motsi ba ka ji komai ba, ka matso kusa.

Allah ya kai ka lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya da na dare da na abokin banza. Allah ya sa albarka a hannunka, ya ba ka halal mai yalwa, ya dawo mana da kai muna raye. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Allah ya yi maka albarka, Isuhu.

Isuhu, ɗana.

Ni ne,
Baban Isuhu,
Gurda, Sabha.